Mai ne ya yi yawa ko iska? Amsa ga mai Boxer ɗin da ke mutuwa a silo

Ɗan'uwa, ka ce mashin ɗinka Boxer na mutuwa a silo, wato da zarar ka saki totur ka bar injin yana aiki da kansa. Wani bakanike ya ce mai ne ya yi wa injin yawa, wani ya ce ba ya isa ne, har ya ce ka sayo sabon kafireto. Kada ka sayi komai tukuna. Ciwo biyu ne masu kishiyantar juna, kuma fulogi ne zai raba gardamar.

Aikin kafireto gauraya ne kawai: iska kusan kashi 15, fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Ka yi tafiya har injin ya ɗauki zafi, ka bari ya huce, ka kwance fulogi ka dubi bakinsa. Idan ka ga baƙin toka busasshe wanda ke gogewa a yatsa, mai ya rinjayi iska. Idan ya yi fari fat, iska ce ta rinjaya. Lafiyayye kalar shayi da madara yake yi. Idan kuwa baƙi ne mai maiƙo, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi, ka ƙyale kafireto, ringi ne ke barin baƙin mai yana hawowa.

Mashin da mai ya yi wa yawa yakan tashi da safe ba gardama, ko cok, abin da ake ja a ƙara wa injin mai, ba ya nema, sai ya yi zafi ya fara nauyi yana tari. Hayaƙinsa baƙi, warin ɗanyen fetur na bin ka, tanki kuma ba ya albarka. Wanda iska ta yi wa yawa akasin haka yake: da sanyin asuba sai ka yi ta kik, ka ja cok ya tashi, ka mayar ya mutu. A hanya, in ka saki totur salansa ta yi ta fat-fat, ƙarar injin ta daɗe a sama kafin ta sauko, zafinsa kuma har ta wando kana jin sa. Ga gwaji mai sauƙi: injin na da zafi, ka ɗan ja cok. In ya gyaru, mai yake nema. In ya shaƙe ya mutu nan take, ba ƙarancin mai ne damuwarsa ba.

Musabbabin ma sun bambanta. Yawan mai, a ƙasarmu, galibi daga soson iska yake farawa. Ƙurar hunturu ta toshe shi, injin ya ja iska bai samu ba, sai ya zuƙo fetur. Sai allurar fulot, mai tsayar da fetur in kofin kafireto ya cika, da ta cinye ta daina rufe mai, ka ga fetur na ɗiga ta tiyon ƙasa mashin na ajiye. Akwai kuma ɓarnar da wasu yaran gareji ke yi, su zura waya a ramin jet, ƙaramar kafar da fetur ke bi a cikin kafireto, wai suna wankewa. Jet tagulla ne, waya na buɗa shi, kuma in ya buɗe ba ya komawa. Iska ake hura masa. Ƙarancin mai kuwa, ƙaramin jet ne na silo ke toshewa, don raminsa ya fi kowane ƙanƙanta, datti kaɗan daga galan ɗin 'yan bumburutu ya ishe shi. Ko robar da ta haɗa kafireto da inji ta tsage tana satar iska. Ka kuma kwance sukurun ƙasan kofin, ka tara man a farar kwalba. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa.

A ganina ƙarancin mai ya fi haɗari, kuma shi mutane ke jawo wa kansu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, 'yan acaɓa da yawa kan ce wa bakanike ya ɗaure musu mai. Yawan mai aljihu yake ci da fulogi. Ƙarancinsa kuwa zafi yake tara wa bawul da fistin, abin da ka tara a gidan mai ka kai shi wajen sauke inji.

Wajen saiti, ka lura da inda sukurun gauraya yake, ba babban nan na silo ba. In yana ɓangaren inji, kwance shi ƙarin mai ne. In yana ɓangaren soson iska, kwance shi ƙarin iska ne. A rufe shi a hankali ba tare da matsewa ba, a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi, sannan a riƙa juyawa kwata-kwata ana sauraron injin da zafinsa. Wuri ma na da tasiri: Jos ta kai tsayin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Sakkwato kauri ba, mashin da aka saita a ƙasa kan ɗan yi yawan mai in ya hau can.

Yadda ka kwatanta naka, mutuwa a silo kawai alhali yana gudu lafiya, na fi zargin ƙaramin jet ko robar nan. Sabon kafireto sai in silaid, ƙarfen da totur ke ɗagawa a cikinsa, ya cinye yana rawa a gidansa, ko jikin ya tsage. Ka turo hoton bakin fulogin mu gani.