Wasiƙa daga Landan: gidan tarihin da ba a biyan kuɗin ƙofa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa lafiya, a gaida Hajiya da yara.

Ka tambaye ni inda nake kai su Abba ran Asabar, tunda a garin nan ko motsi ka yi sai ka biya. To gidan tarihi muke zuwa, shi ne ba ya cin aljihu. British Museum, wanda aka kafa tun 1753, kyauta ake shiga. Haka National Gallery, inda zane-zane ne zalla. Tun Disambar 2001 gwamnatin Birtaniya ta cire kuɗin ƙofa a manyan gidajen tarihi na ƙasa, ita ke ba su kason gudanarwa duk shekara. A bakin ƙofa dai akwai akwatin gudummawa da 'yar na'urar da za ka ɗora katin banki, in ka ga dama. Amma fa in an kawo baje koli na musamman, nan za su yanke ka. Wani kuɗin gyaran gine-gine kuma daga cacar ƙasa yake fitowa, wadda suka fara a 1994. Wannan kam bai kwanta mini ba, amma tsarinsu ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan firamare da na gani zaune dirshan a ƙasa gaban tagullan masarautar Benin ta Najeriya a British Museum, kowa da fensir da takarda, malama tana nuna musu fuskokin da ke jiki. Kayan nan sojojin Ingila ne suka kwaso a 1897. Jamus ta soma mayar da nata a 2022, su kuwa masu British Museum sun ce wata dokar 1963 ta ɗaure musu hannu. Abba ya ja ni da riga, ya ce, "Baba, ashe namu ne?" Na ce namu ne, na rasa abin ƙarawa.

Sai Gidan Makama na Kano ya faɗo mini, ginin zamanin Muhammadu Rumfa, ga shi nan daura da gidan Sarki, a hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Shekara nawa muka yi muna gifta shi? Sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma malamin tarihi ne ya tasa mu gaba. Ga Gidan Ɗan Hausa na jiha, ga marinar Ƙofar Mata tun 1498, ga ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma, wadda damina da masu ɗibar ƙasa suke ta ci. Kaya kam muna da su. Abin da muka rasa shi ne kuɗin da za a ware kullum a kasafi, da motar makaranta da za ta kwaso yara.

Don Allah Yaya, in an yi hutu ka kwashi su Ummi ka kai su Gidan Makama. Ka turo mini hotuna ta WhatsApp, ka kuma gaya mini nawa ake karɓa a ƙofa yanzu. Kuɗin Adaidaita a wuyana.