Akirilik ko Fentin Mai: Wanne Ya Dace da Zanen Haɗe-haɗe?

Ɗan'uwa, tunda takarda da ƙyalle da yashi kake son liƙawa a cikin zanenka, tsakanin akirilik (fentin roba da ake sirkawa da ruwa) da fentin mai da ka tambaya, akirilik za ka saya.

Da shi na yi aikin da har yau nake ji da shi. Na yayyaga tsofaffin takardu, na shafa akirilik marar launi a kan katako, na danna su a kai, sannan na barbaɗa yashi tun yana ɗanye, sai ya kama komai ya riƙe tamkar gam. Kafin minti 30 shafin farko ya bushe, na yi zane da gawayi a kansa, na sake bin sa da wani shafi mai ruwa-ruwa wanda ya bar rubutun takardun yana leƙowa daga ƙasa. Sirrinsa shi ne ƙananan ƙwayoyin roba da ke yawo cikin ruwa: da zarar ruwan ya ƙafe, sai su haɗe su zama wata fata mai lanƙwasuwa wadda ruwa ba ya sake narkar da ita. Sai dai launinsa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe, kuma buroshin da ka bari ba wanki zai sandare.

Fentin mai yana da zurfin launi, ban musa ba, amma na yi nadamar sayensa, domin man ya ratsa takardata ya bar tabo, kuma na yi kwanaki ina jiran shafi ɗaya ya bushe. Idan ma za ka haɗa su, mai ne ke hawa kan akirilik. Akirilik a kan mai ɓarewa yake yi.

Ka kuma yi hattara da masu sayar da jabu, waɗanda ke cika fenti da garin alli su liƙa masa sunan sanannen kamfani. Fenti na gaskiya galibi yana ɗauke da lambar sinadarin launinsa, kamar PB29 a jikin wani shuɗi, da alamar ASTM I ko II da ke nuna ba ya saurin koɗewa a haske. Wanda ba ka ga waɗannan a jikinsa ba, ko ka matsa ka ji ya daskare, ka ajiye musu kayansu.

Ka fara da launi 5: fari, baƙi, ja, shuɗi da rawaya, ka haɗa da jeso, wato farin shafin share fage da ake yi kafin a fara zane, da takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita.