Kayan ƙanƙara na gwanjo daga Ƙofar Wambai, bayan hunturu guda a Erzurum

Bara da damina, saura mako uku in tafi Turkiyya karatu, ni da yayana muka tari adaidaita sahu zuwa Ƙofar Wambai neman kayan sanyi. Erzurum aka ba ni, can gabashin ƙasar, gari ne a kan tudu kusan mita 1,900, ga dutsen Palandoken a gefensa inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A nan aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Yanzu da na dawo hutu ƙanne biyu sun tambaye ni ko gwanjo zai iya da sanyin can. Zai iya, amma sai an zaɓa.

Rigar sanyin da muka saya ce ta fi faranta min rai. Ta kamfanin Columbia ce, shuɗiya, mai hula. Mai rumfar ya ce, "Samari, ka taki sa'a, jiya muka fasa dila." Ya sa N25,000, Yaya ya tsaya kai da fata har ya sallama a N16,000, domin a watan Agusta babu mai waiwayar rigar sanyi a Kano. Da mun bari hunturu ya kama, da ba haka zancen yake ba. Kafin mu biya, na fasa ledar fiya wata na zuba a hannun rigar, ruwan ya dunƙule ya gangare bai jiƙa ta ba. Na juya cikinta na bi ɗinkin da yatsa, domin rigar ƙanƙara ta gaskiya ana manna wani siririn tef a bayan ɗinki don kada ruwa ya bi ramin allura. Nata bai ɗago ko'ina ba. Akwai kuma wani ƙyalle mai roba a ƙugu daga ciki, wanda sai da na faɗi a kan dutsen na gane amfaninsa: shi ke hana ƙanƙara shigewa ta ƙasa. Ranakun da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili wannan rigar ce ta rufa min asiri. Wandon da muka haɗa da ita shi ma ya yi, zif ɗinsa kawai tela ya canza.

Safar hannu da tabarau kuwa asara na yi. Safar ta yi kyau a ido, amma cikin awa guda ta sha ruwa, yatsuna suka sandare har gaisawa da mutane ta gagare ni. Soson da ke zagaye da tabaran ya riga ya mutu, yana marmashewa, gilashin kuma sai ya yi hazo. Waɗannan biyun a saye su sababbi a can. Singiletin auduga ma a bar shi a gida, yana riƙe gumi ya huce a jikin mutum. Na ulu ko na leda ake sawa a ciki.

Mun ga takalman zamiyar, masu tauri kamar ƙarfe, har da hular kwano. Yaya ya so ya saya min, na ce, "Yaya, mu bari tukuna." Alhamdulillahi da muka bari. A gindin dutsen ana ba da hayarsu, za a auna ƙafarka da santimita, a tambayi nauyinka da tsawonka, sannan a saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allon zamiya yadda zai sake ka idan ka faɗi, maimakon gwiwa ta murɗe. Tsohuwar roba kan tsage a cikin sanyi, hular da ta taɓa buguwa kuma ba a gane lahaninta daga waje.

Ranar Asabar zan raka ɗaya daga cikin ƙannen nan kasuwar, da ledar ruwanmu a hannu.