Ɗaga bodi ko canza sifirin: wanne ya dace da Hilux?

Alhaji, tambayarka ita ce: Hilux ɗinka ta 2012 tana kan taya 265/65R17, kana son ka ɗora mata 285/70R17 saboda hanyar gona da damina. Bakanike ɗaya ya ce a ɗaga bodi, wani ya ce a canza sifirin da shokazoba. Wanne za ka bi?

Kafin zaɓi, akwai abin da nake so ka riƙe. A cikin hanyoyin nan biyu babu wadda za ta ɗaga tulun bak-aksil (kumburin nan da ke tsakiyar aksil ɗin baya) daga ƙasa, alhali shi ne yake fara zama a kan tudun tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙe gefe da gefe. Taya kaɗai ke ɗaga shi, kuma da rabin abin da ta ƙaru. Tayarka ta yanzu tsayinta inci 30.6 ne, wadda kake so 32.7. Wato duk wannan ɗawainiya inci ɗaya da ɗoriya za ta ƙara maka a ƙarƙashin tulun. Ba ƙaramin abu ba ne a cikin laka, amma ka san abin da za ka saya.

Ɗaga bodi shi ne a kwance kusoshin da suka haɗa bodi da shasi, a cusa ƙullutun roba mai tauri ko na alminiyam, inci 1 zuwa 2, a ɗaure da kusoshi masu tsawo. Ya fi araha, kuma ƙafafun motar suna nan yadda Toyota ta tsara su, tafiyarta a kwalta ba ta sauya sosai. Madigad yakan haura sama ya ba taya wuri na gaskiya. Sai dai shasi, inji da giya suna nan inda suke. Ga kuma ƙananan ayyukan da ake rainawa: lagireto yana bin bodi ya haura alhali fankarsa tana jikin inji, sandar sitiyari na neman ƙari, tiyo da wayoyi suna miƙewa. Sandar sitiyarin nan ita ce ta fi damuna. Kada ka yarda a yanka ta a jona da walda, ranka ne a kanta.

Canza sifirin kuwa aiki ne a ƙafafun motar: sabon sifirin mai murɗi da shokazoba a gaba, sabbin faifan sifirin a baya, irin waɗanda Old Man Emu, Dobinsons da Ironman 4x4 na Ostireliya suke yi. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Amma shasi duka yana tashi, cikin motar ya daina gogar ƙasa a bakin rafi, kuma idan ka zaɓi sifirin daidai da nauyin da kake ɗauka, bayanta ya daina durƙusawa in an loda buhunan taki.

Ga inda masu sayarwa ba sa yin bayani. Gaban Hilux irin taka ba sandar aksil ɗaya ba ce kamar Land Cruiser 79. Kowace ƙafa da hannayenta, wato ƙarafan da suka haɗa ta da shasi. Idan ka ɗaga ta da sifirin, wurin zaman tayar kawai ka sauke ƙasa, iyakar inda take kaiwa sama idan ta daki rami ba ta motsa ba. A garejin za ka ga wuri fal tsakanin taya da madigad. Ranar da ka karya sitiyari har ƙarshe kana gangara kwazazzabo, 285 za ta goga ƙarfen da bodi ke zaune a kai, bayan tayar gaba, ka ji ƙara kurrr. Shi ya sa mafi yawan masu sa 285 sai sun yanke gefen wannan ƙarfe sun sake liƙe shi da walda, har da rage bamba. Kuma in ka wuce inci 2, shaf ɗin da ke juya tayar gaba yana karkacewa, robarsa ta riƙa yagewa, bol-join na sama ya matse, alaimen ya ƙi zama sai an canza hannayen sama.

Kowace ka bi, babbar taya na da harajinta. Ma'aunin gudu zai nuna 100 alhali kana kusan 107. Motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, safaya ma da ƙyar take shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Tsayi kuma yana rage mata zama a kwana. Ko Hilux da ba a taɓa ba, mujallar Teknikens Värld ta Suwidin ta gwada ta da kaucewar gaggawa a 2007 da 2016, duka biyun ta ɗaga ƙafa kamar za ta kife. Balle an ƙara mata tsayi, ga mutane zaune a baya.

Da ni ne, tunda aikin gona ne da lodi, sifirin zan canza, inci 2 kacal, in sa 265/70R17 mai manyan haƙora. Tsayinta 31.6, yawanci tana shiga ba yanka, ma'aunin gudu kuma bai kauce fiye da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba. A laka haƙoran taya sun fi rabin incin da ka bari amfani. In kuwa ranka ya kafe a kan 285, to haɗa su za ka yi: sifirin inci 2, bodi inci 1, da yankan ƙarfen nan a hannun mai walda da ya taɓa yi. Bayan an gama a yi alaimen, a gyara saitin fitilun gaba, sannan ka koma a sake ɗaure kusoshin sifirin na baya bayan tafiyar kilomita 500 ta farko.