Gargaɗi ga masu gina manyan gidaje: a kula da 'yan kwangilar "banɗakin otal"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na masu gini ne, musamman waɗanda gidansu ya kai matakin tayil da famfo a Abuja da Kano da Kaduna, da 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje da ke turo kuɗi ana yi musu gini ba sa nan. Wasu mutane sun ɓullo da damfara da sunan haɗa banɗaki irin na manyan otal: bahon jakuzi mai feso ruwan ɗumi, ɗakin tururi, sauna (ɗakin katako mai zafi don gasa jiki), da shawa mai zubo ruwa daga sili. Duba aikin gini ne sana'ata, kuma ɓarnar da ake kirana in gani bayan sun tafi ta kai inda shiru ba zai yi ba. Ban kama suna ba domin sunan nasu ba ya daɗewa, yau su rufe shafi gobe su buɗe wani.

A Instagram da TikTok suke farauta. Hotunan da suke sakawa yawanci ba aikinsu ba ne, ko dai kwamfuta ce ta zana, ko sun kwaso daga otal-otal na Dubai da Turkiyya. Mutum zai zo maka cikin mota mai kyau, ya auna ɗaki, ya kawo zane kyauta, ya faɗi farashi ƙasa da na kowa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kwantenarmu za ta taso daga Jamus ƙarshen wata, in ba a biya yanzu ba dala za ta wuce mu." Kafin alƙalamin da yake nema shi ne mafi yawan kuɗin aikin, kuma asusun da zai ba ka na mutum ne, ba na kamfani ba.

Wasunsu daga nan suke ɓacewa. Sai a yi ta jin labarin kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kwastan sun ƙara kuɗi, a ƙaro wani abu a fito da su, har ranar da waya za ta daina shiga. Wannan asara ce mai ciwo, amma kuɗi kawai ta ci. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu yin aikin. Ranar da za su miƙa makulli komai na sheƙi, Hajiya ta ɗauki hoto ta tura wa dangi, a biya su cikon kuɗi har da tukwici. Kyan ɗan maciji ne. Duk cutar tana ƙarƙashin tayil da cikin bango, inda maigida ba zai taɓa gani ba sai ta fito da kanta.

Tayil ba ya hana ruwa wucewa, mutane da yawa ba su san haka ba. Ruwa na bi ta layukan da ke tsakaninsa ya ratsa siminti. Abin da ke tare shi wani shafi ne ko shimfiɗa ta musamman da ake yi a ƙasa da bango kafin a ɗora tayil, a naɗe kusurwoyi da bakin magudana da ita. Tana da tsada, tana cin lokaci, kuma ba a ganinta, shi ya sa ita suke fara cinyewa. A ɗakin tururi lamarin ya fi haka tsanani, domin zafi na kai digiri 40 zuwa 45, damshi kuma ya kusa kashi 100. Tururi yana shiga inda ruwa ma ba ya shiga, don haka har silin sai an rufe shi, a kuma ɗan karkata shi yadda ɗigon ruwan zafi zai gangara ta bango maimakon ya faɗo a kan mutum. Na shiga gidan da ba a daɗe da tarewa ba, silin falon da ke ƙasan banɗakin ya kumbura ya yi baƙi, fenti na ɓarewa, rodin dekin ya fara tsatsa. Gyaran wannan sai an fasa komai, har da mabul ɗin da aka saya da miliyoyi.

Sai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bahon jakuzi na mutum biyu zai iya cin lita 400, ka haɗa da nauyin bahon da na mutanen ciki, ka haura kilo 600 a ɗan wurin da bai fi murabba'in mita biyu da wani abu ba. Dekin gidan zama kuwa, a lissafin da injiniyoyi suka saba, kilo 150 zuwa 200 ake ware wa kowane murabba'in mita. Ba ina cewa duk bahon da aka ɗora a sama zai rushe gida ba ne. Cewa nake injiniyan da ya lissafa rodin ginin shi ke da hurumin cewa a ɗora ko kar a ɗora, kuma ɗan damfara ba zai taɓa neman ganinsa ba. In ka kawo maganar, sai ya ce ai sun sha yi.

Maganar wuta ita ce ta rai da mutuwa. Injin tururi na ɗakin gida yana jan kilowat 6 zuwa 9, murhun sauna kuma kusan kilowat ɗaya ga kowace mita kubik ta girman ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi. Irin wannan kaya layinsa daban ake ja masa daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin da ya dace, da wayar ƙasa ta gaskiya mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, da na'urar RCD mai miliyamfa 30 wadda ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa. Na buɗe bango na tarar an jona famfon jakuzi da wayar soket ta ɗakin kwana, babu wayar ƙasa, babu RCD, an naɗe mahaɗar da salatif a ƙarƙashin baho. A cikin wannan ruwan yaran gidan ke wasa. Allah ne kawai Ya tsare. Wasu kuma kayan gwanjo suke kawowa daga Amurka, waɗanda aka ƙera don wutar can mai bugu 60 a daƙiƙa, alhali tamu bolt 230 ce mai bugu 50. Injin zai yi aiki na ɗan lokaci ba ƙarfi, ya yi zafi, ya ƙone. Ba kuma za su gaya maka abin da za ka riƙa kashewa ba. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit, wato injin kilowat 9 ya ci kusan naira 2,000 a awa guda, in kuma janareta ne sai an duba ko zai iya ɗauka.

Kayan jabu kuwa ba a magana. Kan famfo mai tambarin Grohe ko Kohler ko TOTO a kwali, ka ɗaga ka ji shi sakayau, bayan ɗan lokaci fatar ta ɓare. Gilashin shawa ya kamata ya zama gasasshe mai kaurin milimita 8 ko 10, wanda in ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana, su kuwa sai su sa na taga mai tsagewa ya yanka mutum. Katakon sauna ba a shafa masa fenti ko banish, ba a barin kan ƙusa a waje, domin zafin ciki na kai digiri 80 zuwa sama. Kuma kayan da aka yi a Foshan ta ƙasar Sin ba laifi ba ne, akwai nagari ƙwarai a cikinsu. Laifin shi ne a sayar maka da su a kan na Jamus ne, da kuɗin na Jamus.

Akwai wani haɗarin da ko masu gaskiya ba su cika faɗa ba. Ruwan ɗumi da ke kwana a bututun jakuzi gida ne na ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani, wadda ake shaƙa ta feshin ruwa. A 1999, a wani bikin baje kolin furanni a garin Bovenkarspel na ƙasar Holan, bahon da aka kunna don talla ya yi sanadin mutuwar mutum sama da 30. Duk mai haɗa maka baho da bai nuna maka yadda ake tsiyaye bututun da wanke shi ba, bai san aikin ba ko bai damu da kai ba.

Ga abin da nake roƙon duk mai niyyar wannan aiki. Ka duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma kuɗi ya shiga asusu mai ɗauke da wannan sunan kaɗai. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi aiki shekara biyu da suka wuce, ka yi magana da maigidan ba a gabansa ba, ka leƙa silin ɗakin ƙasa. In ya ce kaya na kan ruwa, ya kawo takardar lodin jirgi da lambar kwantena, ana bin sawunta a intanet. Ka tura naka mutum kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ya ji farashi. Injiniyan da zai duba dekin ya zama mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, kuma kai za ka ɗauko shi, ba ɗan kwangila ba. Biya kuwa mataki-mataki, a rubuce. Kada a ɗora tayil ko ɗaya sai an toshe magudana, an cika ƙasan banɗakin da ruwa ya kwana ɗaya ko biyu, an duba ƙasa ba yoyo. 'Yan uwa na waje, hoton da aka turo muku bai isa ba, a samu amintacce ya tsaya a wurin ranar gwajin.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, ya adana rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp kafin a goge shafin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kunya ce ke hana manyan mutane kai ƙara, su kuma macutan da ita suka dogara. In kuma an riga an haɗa maka irin wannan banɗaki kana zargin aikin, ka kashe layin wutarsa daga allo yau ɗin nan, kada kowa ya shiga bahon sai ƙwararren mai aikin lantarki ya gwada wayar ƙasa da RCD a gabanka.