Takardun Mishan na Arewa da Ke Ajiye a Ailan

'Yan'uwa na gida masu binciken tarihin makarantun mishan, ku sani kaso mai yawa na abin da kuke nema yana nan Ailan, a hannun ƙungiyoyin fada-fada (limaman coci) da sistoci na darikar Katolika. Ba a wuri ɗaya yake ba, don haka fara gano ƙungiyar da ta kafa makarantar. Kwalejin Rimi ta Kaduna, wadda a da ake kira St John's, ta fadan ƙungiyar SMA (Society of African Missions) ce, kuma ma'adanarsu tana Blackrock Road a birnin Cork. Kwalejin Sarauniya Amina, tsohuwar Queen of Apostles, ta sistocin OLA (Our Lady of Apostles) ce, su ma suna Cork, a Ardfoyle. Sistocin St Louis da suka sauka Kano a 1948 daga Monaghan suka taso. Yola kuwa sai ka nemi fadan Augustine.

Babban bambanci da gida shi ne na mallaka. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ta gwamnati ce, mai bincike na da haƙƙin shiga. Waɗannan kuwa kayan ƙungiya ne, dokar ma'adanar ƙasa ta Ailan ta 1986 ba ta hau kansu ba. Alfarma ake yi maka, in an ce a'a babu inda za ka kai ƙara. Shi ya sa har yau ake ta ka-ce-na-ce kan takardun gidajen wanki na Magdalene da sistoci suka riƙe a Ailan, inda a da ake tsare mata ana sa su aiki.

Ba a zuwa kai tsaye a ƙwanƙwasa ƙofa. Imel za ka aika wa mai kula da ma'adanar, ka faɗi sunan gari, shekarun da kake so, da abin da za ka yi da bayanin, sannan a ba ka rana. Galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da wurin, wani ma ba kullum yake zuwa ba, saboda haka kar ka yanki tikitin jirgi kafin amsa ta zo. A ɗakin karatu fensir kawai ake yarda da shi, ɗaukar hoto kuma sai da izini. Ajiyar dai abin a yaba ce: kwalaye marasa cin takarda, kowanne da lambarsa, ga ba gara, ba ƙurar hunturu. Fayil da ya shafi mai rai ba za a buɗe maka ba, musamman tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a 2018.

Inda aka fi yin tuntuɓe wajen suna ne. Sista takan bar sunanta na yanka ta ɗauki na addini, kuma wanda tsofaffin ɗalibai suke tunawa shi ne na biyun, don haka aika duk wanda ka sani tare da shekarun zamanta a garin. Sunayen garuruwa ma kowane fada yadda kunnensa ya ji ya rubuta. Mishan ɗin Shendam na 1907 ya girmi reshen SMA na Ailan, wanda aka kafa a 1912, shi ya sa wasiƙun farko da Faransanci suke, a nemi su a hedikwatar ƙungiyar da ke Rum. Rajistar baftisma da ta aure kuma ba ta baro gida ba, tana cocin da aka yi su ko ofishin bishop.