Kifi mai takobi daga firizar wani kanti a Wuse II

Ranar Laraba na tashi daga ofis ƙarfe biyar. Duk wanda ke zaune a Kubwa ya san abin da hawa titi a wannan lokacin ke nufi, don haka na ratse wani babban kanti a Wuse II in sayi madarar Ummi kafin cunkoso ya lafa. A firizar can ƙurya, gefen jatan lande, na ga wata leda mai yanka uku na kifi, kowanne faɗin tafin hannuna, kaurinsa kamar inci ɗaya. An rubuta swordfish a jiki, wato kifin nan na teku mai dogon baki kamar takobi. Yaron da ke tsaron wurin ya ce, "Hajiya, wannan ba shi da ƙaya, kamar nama yake." Da na ga kuɗin sai da na mayar da ledar. Abin da aka rubuta zai saya mini manyan tarwaɗa a kasuwar kifi ta Kado har in dawo da canji. Na zaga, na dawo, na ɗauka. Son gwaji ne kawai.

Yaron bai yi ƙarya ba. Wannan kifi ne da babbansa ke iya wuce kilo 500, shi ya sa ake yanka shi fala-fala kamar tsokar cinyar saniya. Ba kankara, ba fiɗa, ba ƙarnin da ke bin hannu har washegari. Na bar ledar ta kwana a firij ta saki a hankali, kuma Allah Ya taimake ni ba a ɗauke wuta ba a daren.

Yankan farko ni na ɓata shi. Na yi masa suyar da na saba yi wa karfasa: mai da yawa, a bar shi har ya yi ƙarau. Ya fito a bushe, sai tauna ake kamar busasshen kilishi marar yaji. Abban Ummi ya ci loma biyu ya ce, "Maman Ummi, ko dai takobin kika soya mana?"

Na biyun ne ya nuna mini abin da na saya. Na tsane shi da tawul ɗin takarda har ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen kifi a kasko dahuwa yake yi da tururinsa, ba ya yin ja. Gishiri da masoro kawai na barbaɗa. Na ɗora kaskon ƙarfena mai nauyi a kan gas ya yi zafi sosai, na zuba man gyaɗa cokali biyu, na kwantar da kifin, na naɗe hannu. Naɗe hannun shi ne aikin. Idan kika riƙa tsokanarsa zai kama kasko, idan kika ƙyale shi da kansa zai saki. Minti huɗu na juya, sai ga bayansa ya yi ja kamar gasasshen balangu. Na rage wuta, na jefa bota da dakakkiyar tafarnuwa da rabin attaruhu, ina kwasar man da cokali ina yi masa wanka na minti uku. Masana girki suna cewa a bari zafin cikinsa ya kai digiri 63 na Celsius. Ni ba ni da ma'aunin, bakin wuƙa na sa na leƙa, da na ga tsakiyar ta yi fari amma da sauran danshi na sauke, na matsa lemon tsami. Da dafaffen dankalin Jos da ɗan kabeji, tun daga kunna wuta har zama kan tabarma bai kai minti 20 ba. Ɗanɗanonsa ba mai ƙarfi ba ne, ya fi kusa da giwan ruwa, sai dai ya fi shi tauri. Kada ki yi tunanin jefa shi a miya, asara ce. Fatar gefen ma a cire, ba ta taunuwa.

Ƙorafina biyu ne. Yanka na uku, wanda ke ƙasan ledar, ƙanƙara ta yi masa ɓurɓushi, kuma jan layin nan da ke ratsa tsokar ya koma ruwan ƙasa. Alama ce ta cewa a wani wuri tsakanin teku da Abuja ya narke aka sake daskarar da shi. Tafiyar da nisa, na sani, amma a wannan farashin bai kamata in kai gida kafin in gane ba, ga tambarin kantin an manna shi daidai inda zai rufe wurin.

Na biyun ya fi damuna. Ƙanwata da ke aikin jinya ce ta ga hoton a waya ta kira ni: "Yaya, kada ki ba Ummi." Kifin yana rayuwa ne a kan cin ƙananan kifaye shekara da shekaru, sinadarin makuri mai guba yana taruwa a jikinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin waɗanda masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara za su guje wa. Ko kalma ɗaya babu a jikin ledar. Ummi shekararta huɗu, ƙwai na soya mata tana ta kallon farantinmu tana kumbura baki.

Zan sake saya? Idan muna mu biyu, kuma na juya ledar na ga layin ja ne jawur, ƙila ranar da albashi ya shigo. Abban Ummi dai ya suɗe farantin, sannan ya tambaya ko Asabar za mu leƙa Kado, wai ya yi kewar farfesun tarwaɗa.